Igiyar Sauti Da Kunnuwanmu: Me Ya Sa Ƙarar Lasifika Ba Ta Isar Da Saƙo?

A zangon karatun da ya gabata an ba ni wani babban ɗakin lacca domin in koyar da ɗaliban aji ɗaya darasin gabatarwa a kan ilimin furuci. Ɗakin sabo ne fil, an shafe bangonsa da siminti sumul, an shimfiɗa tayil a ƙasa, sannan an kafa manyan lasifikoki a kusurwoyinsa huɗu. Ban yi minti biyar da fara magana ba sai na hango hannuwa daga can baya, ana cewa, "Malam, ba ma ji." Na sa mai kula da na'urar ya ƙara murya, ya ƙara. Suka sake ɗaga hannu, aka kuma ƙarawa, har na sahun gaba suka soma toshe kunne, amma na baya ba su fasa ƙorafi ba. Daga ƙarshe wata ɗaliba ta miƙe cikin ladabi ta ce, "Malam, ƙararka muna jin ta, maganarka ce ba ma ji."

Wannan bambanci da ɗalibar ta yi tsakanin jin ƙara da jin magana shi ne musabbabin wannan rubutu. Mun zama al'umma mai ganin cewa maganin rashin ji shi ne a murɗa na'ura, ko a ɗakin karatu ne, ko a gidan biki, ko a tashar mota, ko a wurin taron siyasa da na wa'azi. Fagena nazarin harshe ne, to amma duk wanda ya karanci furuci tilas ya ratsa ta gonar masana Fiziks, domin kuwa magana, kafin ta zama ma'ana a ƙwaƙwalwa, igiya ce da ke tafiya a cikin iska. Idan mai karatu ya yi haƙuri muka bi halayen wannan igiya ɗaya bayan ɗaya, zai ga cewa ɗabi'armu ta ƙure murya tana ɓata saƙon da muke son isarwa, kuma tana cinye kunnuwanmu da na 'ya'yanmu a hankali.

Mene ne igiya?

Duk wanda ya taɓa jefa dutse a kududdufi ya ga yadda ruwa ke yin zobe-zobe yana bazuwa zuwa gaɓa. In akwai ganye a kan ruwan, za a lura ganyen yana yin sama yana yin ƙasa ne a inda yake, ba ya bin zoben zuwa gaɓa. Ke nan abin da ke tafiya shi ne motsin, wato ƙarfin da dutsen ya saka, ruwan kuwa yana nan a wurinsa. Wannan ita ce igiya a wurin masana kimiyya. Haka sauti yake. Idan tantanin maƙwallato ya kaɗa, yakan matse iskar da ke kusa da shi ya sake ta, ita ma ta matse ta gaba da ita, a haka har motsin ya isa dodon kunnen mai sauraro. Tun a shekarar 1660 Robert Boyle ya nuna cewa sauti na bukatar abin da zai bi: ya sa agogo a cikin tulun gilashi, ya zuƙe iskar ciki, sai ƙarar agogon ta yi ta raguwa har ta ɓace, alhali ana ganin yana aiki.

Sauti yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya a cikin iska mai matsakaicin ɗumi, a zafin bazara irin namu kuwa yakan kai 350. A cikin ruwa ya kusa mita 1,500, a cikin ƙarfe ya kai wajen 5,000. Haske shi ma igiya ne, amma gudunsa kilomita 300,000 ne a daƙiƙa. Dalili ke nan da ya sa da damina muke ganin walƙiya kafin mu ji tsawa. In mutum ya ƙirga daƙiƙa uku tsakaninsu, to aradun ta faɗi ne a nisan kimanin kilomita ɗaya. A riƙe wannan batu na gudu, domin za mu dawo kansa: sauti na ɗaukar lokaci kafin ya iso.

Inda Bahaushe ya ajiye ma'ana

Hali na farko na igiya shi ne yawan kaɗawarta, wato sau nawa take kai da komo a daƙiƙa ɗaya. Ana auna wannan da ma'aunin Haz, wanda aka ba sunan Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da samuwar igiyar rediyo tsakanin 1887 da 1888. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ya kama daga Haz 20 zuwa 20,000. Muryar namiji baligi takan kaɗa tsakanin sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa, ta mace kuwa tsakanin 165 zuwa 255, shi ya sa muke cewa tata siririya ce, tasa kakkaura.

A nan ne harshenmu ya shigo. Abin da muke kira karin sauti a Hausa ba wani abu ba ne illa sauya yawan kaɗawar tantanin maƙwallato daga gaɓa zuwa gaɓa. Kalmar "kuka" in an furta gaɓoɓinta biyu da karin sama tana nufin zubar da hawaye, in kuwa aka sauke gaɓar ƙarshe ta zama bishiyar da ake miya da ganyenta. "Wuya" mai farawa sama ta sauka ita ce ta jiki, mai farawa ƙasa ta hau kuma ita ce wahala. Makaɗin kalangu ya san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Idan ya matse tsirkiya a hammatarsa fatar ta ƙara ɗamewa, sai ta kaɗa da sauri, amon ya hau. In ya sassauta, amon ya sauka. Da haka yake kwaikwayon hawa da saukar magana har mahauci ya gane ana kiran sunansa. Bayan kari akwai tsawon lokaci: abin da ya raba "gari" da ake zama a cikinsa da "gari" na tuwo shi ne daɗewar wasalin farko, bambancin da bai kai rabin daƙiƙa ba.

Hali na biyu shi ne girman kaɗawa, wato yadda igiyar ke matse iska da ƙarfi ko a hankali. Shi kunne ke ji a matsayin ƙara. To ga abin lura: ko an kwarma ihu da kalmar "kuka", ko an faɗe ta a hankali, ma'anarta ba ta sauyawa. Hausa ta ajiye ma'anarta a cikin kari da tsawo da siffar baƙaƙe da wasula, ba ta ajiye komai a cikin ƙara ba. Makunnin da muke murɗawa a jikin na'ura kuwa girman kaɗawa kaɗai yake ƙarawa.

Hali na uku shi ne tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya da tudun da ke biye da shi. Iyayenmu da suka saba kama Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, sun daɗe suna ambaton wannan ma'auni: in mai gabatarwa ya ce a neme su a kan mita 16 ko 19 ko 25, tsawon zangon igiyar rediyon yake faɗa. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon yawan kaɗawa, gwargwadon gajartar zango. Sauti mai Haz 100 zangonsa ya haura mita uku, mai Haz 4,000 kuwa bai kai santimita tara ba. Igiya mai dogon zango takan kewaye katanga ta ratsa bango, mai gajeren zango kuma katanga ke tare ta. Wannan ya sa in ana biki a bayan layi, abin da ke iso wa maƙwabci a ɗakinsa shi ne dukan ganga mai girgiza ƙirji, kalmomin waƙar kuwa sun maƙale a hanya. Ya sha damuwar, bai samu saƙon ba.

Wasali da baƙi

Muryar mutum ba igiya ɗaya ba ce tilo. Joseph Fourier na Faransa ya nuna a 1822 cewa kowace igiya mai sarƙaƙiya ana iya warware ta zuwa tarin igiyoyi masu sauƙi, kuma a kan wannan lissafi manhajojin da muke nazarin furuci da su a kwamfuta suke aiki har yau. Abin da ke zaɓar waɗanda za su fito fili daga cikin tarin shi ne kogon baki da maƙogwaro. Mai garuwa da ke cika jarka a famfo ba ya bukatar leƙawa, da kunne yake gane ta kusa cika, domin yayin da sararin iskar ciki ke raguwa amon yana ƙara hawa. Haka bakin ɗan Adam yake. Daga maƙwallato zuwa leɓɓa kimanin santimita 17 ne a namiji baligi, kuma duk lokacin da harshe ya motsa siffar kogon takan sauya, sai a sami "a" ko "i" ko "u".

Wasula su ne masu ƙarfi a magana, kuma yawancin ƙarfinsu yana ƙasa da Haz 1,000. Baƙaƙe irin su "s" da "sh" da "ts" da "f" raunana ne, gajeru, kuma suna can sama, daga Haz 2,000 zuwa abin da ya haura 4,000. Amma a dubi kalmomin nan: sara, shara, tsara, fara. Wasulansu iri ɗaya ne, babban abin da ya raba su shi ne wannan rarraunan baƙi na farko. Duk abin da ya danne baƙaƙe ya bar wasula, to ya bar ƙara ya kashe magana.

Idan igiyoyi suka haɗu

Igiyoyi biyu in suka gamu a wuri ɗaya ba sa ture juna, haɗuwa suke yi. In tudu ya dace da tudu sai ƙarfin ya ƙaru, in tudu ya faɗa a kwarin ɗaya sai su kashe juna. Mai sauraron gajeren zango ya san wannan, ko da bai san sunansa ba: muryar mai karanta labarai takan yi sama ta dawo ƙasa kamar za ta ɓace, saboda igiyar ta iso ta hanyoyi daban-daban bayan ta yi karo da saman sararin samaniya ta dawo, wani lokaci su dace, wani lokaci su saɓa. Irin abin sawa a kunnen nan na zamani mai kashe hayaniya ma da wannan dabara yake aiki, yana ƙirƙiro igiya kishiyar ta hayaniyar domin su soke juna.

Yanzu sai mu koma ɗakin laccata. Ɗalibar da ke baya tana karɓar muryata daga lasifikoki huɗu masu nisa daban-daban da ita. Sauti na cin mita 17 a kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, kuma da zarar tazarar isowar murya biyu ta haura haka, kunne ya daina haɗe su, sai ya ji kamar mutum biyu ke magana, ɗaya na bin ɗaya. Bayan wannan ga siminti da tayil da gilashi, waɗanda ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi. Kowace gaɓa da na furta sai ta yi ta karo da bango tana dawowa kafin ta mutu. Mai magana yakan furta gaɓa huɗu zuwa biyar a daƙiƙa. In amon ɗaki yana ɗaukar daƙiƙa biyu kafin ya lafa, ke nan jelar gaɓoɓi kusan goma ce ke yawo a lokaci ɗaya, kuma wasulan baya masu ƙarfi su ne ke binne baƙaƙen da ke tafe. Da aka ƙara murya, an ƙara wadda ta fito daga lasifika da wadda bango ya mayar daidai wa daida. Cakuɗar tana nan yadda take, ƙara kawai ta samu.

Wannan matsala an daɗe da gano maganinta. A 1895 Jami'ar Harvard da ke Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin Fiziks, Wallace Sabine, aikin gyara wani ɗakin lacca da kalma ke yin sama da daƙiƙa biyar tana amo a cikinsa. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren da dare, yana jera su yana auna daɗewar amo da agogo, har ya fitar da lissafin da ya danganta daɗewar amo da girman ɗaki da yawan kayan da ke shan sauti a cikinsa. Da lissafinsa aka gina babban zauren kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900. Fiye da shekara ɗari da ashirin ke nan, amma har yau muna gina azuzuwa da zaurukan taro kamar ba a taɓa yin wannan bincike ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada amon aji ya wuce kimanin daƙiƙa 0.6. Tabarma da darduma da labule da rufin ciyawa, waɗanda muke ganin kayan da ne, duk suna shan sauti. Tayil da muke alfahari da shi ba ya sha.

Abin da kunne ke biya

Da a ce asarar ta tsaya ga rashin fahimta, da da sauƙi. Ana auna ƙara da ma'aunin desibel, kuma ma'auni ne mai yaudarar wanda bai san shi ba, domin ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma, ƙarin 3 kacal kuma ninki biyu ne. Raɗa takan kai desibel 30, hira ta yau da kullum 60, gaban babbar lasifikar biki kuwa 100 ko fiye. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka fi amfani da ita ita ce, kunne na iya jure desibel 85 na awa takwas a yini, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya. A desibel 100 abin da ya rage minti 15 ne. Sai mai karatu ya tuna awa nawa yaranmu ke yi suna rawa a gindin lasifika a wurin kamu ko wuni, da awa nawa mai injin markaɗe ko mai niƙa ko mai walda ke yi a bakin sana'arsa, da kuma janaretan da muke kwana da shi a gindin taga.

A can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000, su ke juya motsin igiya ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana karya su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Shuuu ɗin nan da mutum ke ji a kunnensa bayan ya dawo daga biki gargaɗi ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali a matsayina na mai nazarin harshe shi ne, ɓarnar hayaniya takan fara ne a wajen Haz 4,000, daidai unguwar da raunanan baƙaƙen nan suke. Mutum zai ci gaba da jin wasula, saboda haka ba zai yarda kunnensa ya taɓu ba, sai dai ya riƙa zargin mutane da cewa ba sa buɗe baki in suna magana. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum sama da biliyan ɗaya da rabi ne ke da wani mataki na raunin ji, kuma adadin na iya kaiwa kusan biliyan biyu da rabi a 2050.

Akwai kuma wata ɗabi'a da wani likitan Faransa, Étienne Lombard, ya bayyana a 1911: mutum in yana cikin hayaniya yakan ɗaga murya ba tare da ya sani ba. A kasuwanninmu da tashoshinmu mun mayar da wannan ɗabi'a gasa. Mai tallar magani ya ƙure tasa na'urar, mai sayar da waƙoƙi na kusa da shi ya ƙure tasa don kada a danne shi, na uku ya sayo wadda ta fi. A ƙarshe babu wanda ake fahimta, kowa kuma ya koma gida da ciwon kai.

Mafita

A mako na biyu na roƙi mai kula da na'ura ya kashe lasifikokin baya, ya rage na gaba, muka buɗe tagogi domin sautin da ya fita ta taga ba ya dawowa, ɗalibai suka matso gaba suka cike gibin kujeru, ni kuma na rage saurin magana. Ba a kashe ko kwabo ba, kuma ƙorafin ya ragu ƙwarai. Ba na cewa wannan ya wadatar, domin gyaran gaskiya yana hannun waɗanda ke zana gini da waɗanda ke ba da kwangilarsa. Ya kamata duk hukumar da za ta gina aji ko zauren taro ko wurin ibada ta tambayi mai zanen yadda amon ɗakin zai kasance, kamar yadda take tambayar iska da haske. Silin mai shan sauti da labule masu kauri ba su kai tsadar manyan lasifikokin da ake sayowa daga baya ba.

Masu shirya taro su sani cewa ƙananan lasifikoki da aka rarraba kusa da jama'a, aka daidaita su da murya madaidaiciya, sun fi manya biyu da aka ƙure. A fili, duk lokacin da mutum ya ninka nisansa da lasifika ƙarar takan ragu da desibel 6, saboda haka janye yaro daga mita ɗaya zuwa mita huɗu ba ƙaramin taimako ba ne ga kunnensa. Masu injina su nemi abin toshe kunne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Doka ma akwai ta, domin tun 2009 aka fitar da ƙa'idojin taƙaita hayaniya na ƙasa a ƙarƙashin hukumar NESREA. Abin da ya rage shi ne jihohi da ƙananan hukumomi su ɗauke su da muhimmanci, masu unguwanni da malamai kuma su tunatar da mu cewa barcin maƙwabci da na marar lafiya da na jariri haƙƙi ne a kanmu.

Ga 'yan'uwana malaman kimiyya na sakandare kuma ina da roƙo. Yaron da ake koya wa darasin igiya da Turancin da bai gama ƙwarewa a kai ba, yakan haddace lissafin ya zuba a jarrabawa ya manta. A shigo masa da kalangu aji, a sa shi ya furta "wuya" da "wuya" yana dafe da maƙogwaronsa, a cika jarka a gabansa yana sauraro. Yaron da ya gane cewa harshen da ya tsotsa a nono igiya ce, kuma kunnen da yake jin ta da shi ba shi da madadi, da wuya ya girma ya kafa wa unguwa lasifika har asuba.

Allah Ya kiyaye mana jinmu da ganinmu, Ya sa mu zama masu sauraron magana mu bi mafi kyawunta.